Daga gwanjon Landan zuwa gidan kallo a Kano: Yadda ake yanka farashin gasar Firimiya

A duk ranar Asabar, tun kafin La'asar mai gidan kallon ƙwallo ya fito da allonsa bakin ƙofa, ya jera wasannin ranar da alli, kowanne da lokacinsa. Ya zuba wa janareta mai, ya gyara bencina, ya tsaya yana karɓar kuɗin shiga.

Idan Arsenal ce za ta kara da Manchester United, ɗakin zai cika maƙil har wasu su kalla a tsaye. Idan kuwa Burnley ce da Brentford, da yatsu za a ƙirga 'yan kallo.

'Yan ɗaruruwan nairar da matashi ke miƙawa a bakin ƙofar ba a nan suke kwana ba. Mai zai ci nasa kason, haya ta ci nata. Wani kason kuma zai tafi ga kamfanin da ke da dikodar, daga can ya haura Landan, inda ake raba wa ƙungiyoyi 20 na gasar Firimiya kuɗin nuna wasa.

A 'yan shekarun nan wannan sarƙa ta fara sassautawa. A watan Mayun 2024 kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ɗaga kuɗin babban tsarinsa na wata daga naira 29,500 zuwa 37,000. A watan Maris na 2025 ya sake ɗaga shi zuwa 44,500. Shi kansa kamfanin ya bayyana cewa ya rasa masu biyan kuɗi kimanin miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025.

To me ya sa kallon ƙwallo ke ta tsada? Wa ke yanka farashin, kuma ina iyakarsa? Amsar tana cikin wasu ƙa'idojin kasuwa waɗanda duk mai sayar da tumatir a 'Yan Kaba ya san su, ko da bai taɓa jin sunansu a aji ba.

Hajar da ba ta kwana

Ƙa'ida ta farko: abin da yake da ƙaranci, kuma mutane da yawa ke nema, shi ne mai tsada.

Hajar da gasar Firimiya ke sayarwa minti 90 ne da babu wanda ya san yadda za su ƙare. Da zarar alƙalin wasa ya busa tashi, darajar hajar ta zube. Ba wanda zai biya kuɗin shiga ranar Litinin don kallon wasan da ya riga ya ji sakamakonsa tun Asabar.

A kwatanta wannan da fim. A farkon shekarun 2000, Kannywood ta rayu ne a kan sayar da kaset, daga baya kuma faifan CD, kuma kasuwar Ƙofar Wambai na cikin manyan wuraren hada-hadar. Da masu satar fasaha suka yi yawa, sannan aka samu masu tura fina-finai a waya a kowane lungu, sai kasuwar ta durƙushe. Fim ɗin da aka kashe miliyoyi wajen shirya shi, kwafarsa ba ta cin komai, kuma wanda ya kalle shi bayan mako guda bai yi asarar komai ba.

Wasan da ake nunawa kai-tsaye ba ya jira. Shi ya sa hatta kamfanonin da suka yi suna da fina-finai suka karkato gare shi. Netflix ya ƙulla yarjejeniyar shekara 10 ta sama da dala biliyan 5 don nuna shirin kokawa na WWE Raw daga Janairun 2025. Fim mutum zai iya ɗagawa zuwa gobe, ko ya jira ya same shi kyauta. Wasa kuwa, ko yanzu ko a ba ka labari.

Ƙarancin da aka ƙirƙira da gangan

Ga wani abin mamaki: mai kallo a Kano yana iya ganin duka wasanni 380 na kakar Firimiya a talabijin, amma mazaunin Manchester ba ya iyawa.

Tun shekarun 1960 akwai ƙa'ida a Ingila da ta hana nuna ƙwallo kai-tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Dalilin shi ne tsoron kada mutane su zauna a gida suna kallon manyan ƙungiyoyi, filayen ƙananan ƙungiyoyi su zama kufai.

Sauran wasannin kuma ba a zube su a kasuwa gaba ɗaya. Ana kasa su kashi-kashi, a yi gwanjonsu tsakanin gidajen talabijin. Kowane kamfani ya san cewa idan ya rasa, masu biyansa kuɗi za su koma wajen abokin hamayyarsa, don haka sai ya taya da tsada.

Haka farashin ya riƙa hawa. A 1992, lokacin da aka kafa gasar, yarjejeniyar farko da Sky da BBC ta kai fam miliyan 304 na shekara biyar. A gwanjon 2015, Sky da BT Sport sun biya sama da fam biliyan 5.1 na shekara uku kacal. Yarjejeniyar da ta fara aiki a 2025 kuwa ta kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu.

Sai dai idan aka yi lissafi, wani abu zai fito. Fam biliyan 5.1 a shekara uku daidai yake da kusan biliyan 1.7 a shekara, na wasanni 168. Fam biliyan 6.7 a shekara huɗu shi ma kusan biliyan 1.7 ne a shekara, amma na wasanni kusan 270. Wato wasa ɗaya ya sauko daga kimanin fam miliyan 10 zuwa kimanin miliyan 6. An ƙara kaya a faifai, kuɗin bai motsa ba. Kasuwar cikin gida ta ƙoshi.

Wannan ne ya sa idon gasar ya koma waje. A zangon 2022 zuwa 2025, a karon farko, kuɗin da aka samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin Birtaniya. Tashar NBC ta Amurka ita kaɗai ta amince ta biya kimanin dala biliyan 2.7 na shekara shida. Mai kallo a Legas ko Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya daina zama ɗan rakiya. Yana cikin lissafin.

Shago ba ya dambe shi kaɗai

A kowace sana'a, ɗan kasuwa murna yake yi idan abokin gogayyarsa ya karye. A wasanni abin ba haka yake ba.

Masu son dambe sun san cewa sunan Shago bai cika ba sai an ambaci Ɗandunawa. Da babu wanda zai iya tsayawa gabansa, da ba wanda zai biya kuɗin shiga gidan dambe. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Walter Neale, ya yi irin wannan bayani a 1964, inda ya buga misali da 'yan damben zamani Joe Louis da Max Schmeling: zakara yana buƙatar abokin karawa mai ƙarfi, domin rashin sanin wanda zai yi nasara shi ne ke kawo kuɗi.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin Firimiya ke sayar da haƙƙin nuna wasanninsu a dunƙule, ba kowa tasa ta fisshe shi ba. Kuɗin cikin gida ana raba rabinsa daidai wa daida. Kashi ɗaya cikin huɗu ana raba shi gwargwadon matsayi a tebur, ragowar kuma gwargwadon yawan wasannin ƙungiya da aka nuna.

A kakar 2024/25, Liverpool da ta ɗauki kofi ta samu kusan fam miliyan 175. Southampton da ta ƙare a ƙarshen tebur da maki 12 ta samu sama da fam miliyan 100. Ba tausayi ba ne ya sa manyan suka yarda da hakan. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ƙaramar ƙungiya mai kuɗin sayen 'yan wasa ita ce ke iya kayar da babba, kuma wannan yiwuwar ce ake sayar wa duniya. Kofin da Leicester City ta ɗauka a 2016 ya yi wa gasar tallar da kuɗi ba zai iya saya ba.

A Sifaniya, kafin 2015 kowace ƙungiya ita ke sayar da nata haƙƙin, sai Real Madrid da Barcelona suka riƙa kwashe kaso mafi tsoka. Sai da gwamnati ta kafa doka a shekarar aka koma sayarwa a dunƙule.

Cin gwanjo ba shi ne cin riba ba

A gwanjo, wanda ya fi kowa zaƙewa shi ke ɗauka, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren lissafi.

Najeriya ta ga wannan da idonta. A 2007 kamfanin HiTV na cikin gida ya ƙwace haƙƙin nuna gasar Firimiya daga hannun DStv. Gidajen kallo da dama suka sayi sabuwar dikoda. A 2010 haƙƙin ya koma hannun DStv, kuma ba a daɗe ba HiTV ya rufe.

A Birtaniya, Setanta ya sayi wani kaso na wasannin daga 2007, ya durƙushe a 2009. A Faransa, Mediapro ya yi alƙawarin biyan sama da yuro miliyan 800 a shekara don gasar ƙasar, ya kasa biya cikin 'yan watanni da farawa a 2020. Har yau ƙungiyoyin Faransa ba su gama farfaɗowa daga wannan ba.

Idan ƙananan masu tayi suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, mai jari mafi girma ne ke saura. A watan Satumban 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya kammala karɓe ragamar MultiChoice. Canal+ shi ne dama ke nuna manyan gasannin Turai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Yanzu mai gidan kallo a Damagaram da takwaransa na Katsina, duk da dikodarsu ta bambanta, aljihu guda suke zuba wa kuɗi. Inda mai sayarwa ya zama ɗaya tilo, ikon mai saye na yin tayi yana raguwa.

Kaya ɗaya, farashi daban-daban

Wasan da ake haskawa ɗaya ne, amma abin da ake biya a Landan ya sha bamban da na Abuja. Mai sayarwa yana duba ƙarfin aljihun kowace kasuwa ne. Kuɗin ɗaukar wasan an riga an kashe shi, ƙarin mai kallo guda ba ya ƙara wa gasar ko sisi, don haka duk abin da aka samu daga gare shi ƙari ne.

Haka ma kamfanin dikoda ke kasa tsare-tsarensa hawa-hawa. Ana sanya wasannin da aka fi so a tsarin da ya fi tsada, a haɗa su da tashoshin fim da na yara da na labarai. Mai son ƙwallo kaɗai dole ya sayi duka ƙunshin.

Gidan kallo shi ne amsar da talaka ya ba wannan tsari. Kuɗin wata da na mai ba sa canzawa, ko mutum biyar ne a ɗakin ko ɗari. Idan an raba nauyin a kan mutum ɗari, sai ya zama kowa zai iya ɗauka. Ribar mai gidan tana cikin cika benci, shi ya sa babban wasa ɗaya ke rufe asarar ƙananan wasanni uku, shi ya sa kuma watannin hutun gasa suke zame masa rani.

Sai dai shi ne a tsakiyar matsi. Kamfani na sayen haƙƙin nuna wasa da kuɗin waje, yana karɓar naira. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai a daidai wannan lokaci. Kamfani ya ɗora wa mai gidan kallo, gidan mai ya ɗora masa, shi kuma idan ya ɗora wa matasan unguwa sai benci ya zama wayam.

Iyakar so

Masu tallata wasanni suna da abin da sauran 'yan kasuwa ke mafarkin samu: abokin ciniki da ba ya sauya sheƙa. Idan sabulu ya yi tsada, uwargida za ta sayi wani. Amma mai goyon bayan Arsenal ba zai koma Chelsea don rigarta ta fi araha ba. Masana na kiran wannan buƙatar da farashi ba ya saurin girgiza ta.

Amma ba ya saurin girgizawa ba yana nufin ba ya girgizawa ba.

Ranar 6 ga Fabrairun 2016, Liverpool na cin Sunderland 2-0 a Anfield, sai kimanin magoya baya 10,000 suka tashi suka fice a minti na 77. Suna nuna adawa ne da shirin mayar da wasu tikitoci fam 77. Wasan ya tashi 2-2. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka nemi afuwa suka janye ƙarin. A shekarar ce kuma gasar ta ƙayyade tikitin magoya bayan da suka yi tattaki zuwa wasan waje a kan fam 30.

A watan Afrilun 2021, manyan ƙungiyoyi 12 na Turai suka sanar da gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba. Kwana biyu kacal, zanga-zangar magoya baya ta sa ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. Sun so su tabbatar wa kansu da kuɗi ta hanyar cire haɗarin faɗuwa, alhali wannan haɗarin shi ne gishirin hajar.

A Najeriya ba a yi zanga-zanga ba, aljihu ne ya yi magana. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta umarci MultiChoice ya dakatar da ƙarin 2025, amma wata babbar kotun tarayya a Abuja ta bayyana cewa hukumar ba ta da hurumin ƙayyade farashi haka kawai. Abin da hukuma ta kasa, kasuwa ta yi. Mutane sun sauka zuwa ƙananan tsare-tsare, wasu sun koma gidan kallo, wasu kuma sun koma kallo a waya ta shafukan da ba su da izini. A watan Yunin 2025 kamfanin ya zabge rabin kuɗin dikodarsa, daga naira 20,000 zuwa 10,000.

A Ghana kuwa gwamnati ce ta shiga. Ministan sadarwa Samuel Nartey George ya yi barazanar dakatar da lasisin kamfanin, aka ƙare da ƙara wa masu biya tashoshi a kan kuɗin da suke biya.

Darasin ɗaya ne: soyayya ga ƙungiya ba ta canzawa, amma hanyar kallo tana da madadi. Duk lokacin da farashi ya wuce ƙarfin mutum, ba ƙungiyar zai bari ba, mai sayar masa da kallon zai bari.

Mai kallo shi ma haja ne

Akwai kasuwa ta biyu da ba a gani a allon bakin ƙofa. Duk wanda ya zauna minti 90 yana kallo, idonsa na kan rigunan 'yan wasa da allunan gefen fili. Wannan idon ake sayar wa kamfanoni.

Shi ya sa kamfanonin caca, waɗanda da yawansu ba Turawan Ingila suke hari ba, suka mamaye ƙirjin rigunan ƙungiyoyi da dama. Matsin lamba ya sa a 2023 ƙungiyoyin suka amince su cire tallan caca daga gaban riga bayan kakar 2025/26, duk da za a ci gaba da ganinsa a hannun riga da gefen fili. Matashin da ya shiga gidan kallo da kuɗin shiga kaɗai, ya fito da takardar caca a aljihu, ya biya sau biyu.

Wannan kasuwa ta biyu ita ce ta ceci Kannywood. Da sayar da faifai ya gagara, sai masu shirya fim suka koma fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Mai kallo bai biya mai fim kai-tsaye ba, amma ya biya da datarsa da lokacinsa, masu talla kuma suka biya don a nuna masa kayansu. Sakin fim kashi-kashi a rana ƙayyadadda kowane mako shi ma dabara ce irin ta wasanni: a sa mutum ya ji cewa idan bai kalla yau ba, gobe za a yi hira ba da shi ba.

Me ya rage wa na gida?

Abin da ya fi wuyar samu a wannan kasuwa, wato magoya baya na haƙiƙa, arewacin Najeriya na da shi. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tara jama'a a ƙasar. Dawowar Ahmed Musa ƙungiyar a 2021, da kuma a 2024, ta nuna yadda suna guda ke jan 'yan kallo har a filayen abokan hamayya.

Amma yawancin ƙungiyoyin, irin su Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists, mallakar gwamnatocin jihohi ne. Wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmali ba ya jin zafin kujerar da ba a sayar ba.

Ƙa'idojin da suka gina Firimiya ba sirri ba ne. Mai saye yana son ya san ranar wasa da lokacinsa tun da wuri, kuma kada a ɗaga. Yana son ya shiga fili da ɗansa ya fito lafiya. Fiye da komai, yana son ya yarda cewa baƙo na iya cin wasa a gidan wani. Muddin jama'a na ganin mai masauki ne zai yi nasara ko ta halin ƙaƙa, to an cire wa hajar abin da ake biya dominsa, kuma gidan talabijin ba zai taya da daraja ba.

Gasar Firimiya ta kai inda take ne domin ta fahimci cewa ba ƙwallo kawai take sayarwa ba, rashin tabbas take sayarwa, ga mutanen da ba za su iya juya wa ƙungiyarsu baya ba. Haɗarin da ke gabanta, da gaban kamfanonin da ke dillancinta a Afirka, shi ne su ɗauka wannan haƙurin ba shi da iyaka.

Mai gidan kallo ya fi su sanin gaskiyar lamarin. Duk Asabar, idan ya ƙara naira hamsin a kan allo, yana tsayawa bakin ƙofa ya ƙirga mutum nawa suka karanta, suka juya.